Gem ɗin da Nassirou Ya Tsayar

Litinin, 16 ga Oktoba 2000, bayan la'asar

Yau muka kai matakin ƙarshe. Ina rubutawa ne don kada gobe Nassirou ya ce shi kaɗai ya kai. Na san halin mijina, mutumin Maraɗi ne, ba ya raba yabo da kowa, balle da 'yar Ikko, haifaffiyar Legas.

Tun kafin damina muke fama da gem ɗin nan. 'Ya'yan ogansa ne suka jefar da shi lokacin da yake gadi a Ikoyi, ya tsinto, ya buɗe cikinsa ya gyara, ya jona shi da batirin mota saboda a Agege wuta sai ta ga dama take zuwa. Yanzu da ya bar gadi ya buɗe shagon cajin batir a ƙofar gidanmu, batir ba ya yanke mana. Kaset ɗaya ne, rawaya, takardar jikinsa ta ɓare, ko sunansa ba mu sani ba. Wasu halittu ne suka sauko daga sama suka mamaye wani tsibiri, aka tura sojoji biyu ko riga babu su kore su. Gudu ake yi zuwa dama ana harbi, ba a komawa baya. Talabijin ɗinmu baƙi da fari ce, amma Nassirou ya rantse wandon sojansa ja ne, nawa shuɗi. Ni dai toka-toka nake gani, nasa ya ɗan fi duhu.

Kowa da sojojinsa na ajiya. In naka sun ƙare kana iya danna maɓalli ka ɗauki ɗaya daga na abokin wasanka. Ni kuwa ɗauka nake yi, ko sallama babu. Shi ya sa yake ce min ɓarauniyar sojoji.

Babu kasuwa yau. Tun jiya ake jin labarin rikici tsakanin Yarabawa da mutanenmu daga can cikin gari, ba wanda ya kawo batir, sai ya rufe shago muka zauna. Muka wuce daji, muka wuce gadar da ke fashewa, muka wuce masana'antar da kullum take cinye mu, sai ga mu a cikin tumbin babban dodon, bango yana numfashi. Nawa sojojin duk sun ƙare a bakin shiga. Shi yana da wanda ke tsaye da biyu a ajiye, ga bindiga mai feshi a hannunsa. Ina miƙa yatsa ke nan aka buga ƙofa.

Wani mai okada ne, ɗan acaɓa, da saƙo. Oumarou, mai shayi a Oyingbo, ɗan garinsu da suka zo Ikko a mota ɗaya, yana ɓoye a bayan tasha, ƙafarsa ta karye, ba ya iya tafiya. Nassirou ya danna maɓallin tsayarwa. Komai ya daskare, har wani harsashi ya tsaya a iska.

"Madam, kada ki kashe. Abin nan ba ya ajiya, in ya mutu sai daga farko. Kuma kada ki sace min soja, na ƙirga su."

Na ce, "Sai ka yi sauri, Ɗan Maraɗi, yatsana yana ƙaiƙayi."

"Dakor, na ji. Yanzu zan dawo."

Ya soke tastarsa a aljihu, ɗan sukundireban nan mai jan kai da yake gwada wuta da shi, ko masallaci da shi yake zuwa. Gwaggo Kyauta, ƙanwar babana da muke zaune tare, ta ce kada ya fita. Ya ce mata zai dawo mata da burodi. Ta ce ita ba ta taɓa jin wanda ya kawo wa Agege burodi daga Oyingbo ba. Ya hau bayan okada yana dariya.

Litinin, magariba

Na kashe talabijin don batir. Gem ɗin yana kunne, 'yar fitilarsa ja tana nan.

Talata, hantsi

Hayaƙi ta wajen tashar jirgin ƙasa. An ɗauke wuta, wai taransfoma ce ta ƙone. Maza sun tare bakin layinmu da benci da tsofaffin tayoyi. Yaya Baballe ya zo daga rumfarsa ta goro, rigarsa a yage, bai gaya min abin da ya yage ta ba. Ya tambayi Nassirou, na ce ya je Oyingbo. Ya kalli Gwaggo, Gwaggo ta kalli ƙasa.

Hanya ce a rufe, shi ke nan. Mutum mai hankali ba zai ɗauko gurgu ya bi titi a wannan yanayi ba. Na dafa shinkafa na ajiye masa nasa.

Laraba, azahar

Gwaggo ta ba kaji shinkafar. Na dafa wata.

Alhamis, bayan la'asar

Fitilar ta fara dusashewa da safe. Na sha ganin yana canja batir muna tsakiyar wasa, amma kallo nake yi irin na mai jiran a gama. Na buɗe shago na jawo ɗaya daga cikin nasa, na kusa tsinke bayana. Abin da na tuna shi ne ba a sakin tsoho sai an kama sabo. Ja da ja, baƙi da baƙi. Bakin wayar ya buga tartsatsi, Gwaggo ta yi salati daga tsakar gida.

Na kunna talabijin ina rufe da ido ɗaya. Sojansa yana nan. Ƙafa ɗaya a gaba, bindiga a ɗage, harsashin nan yana rataye a inda ya bar shi.

Na ɗora gem ɗin a kan murfin tukunyar ƙasa don zafi, ina yi masa fifita. Gwaggo ta ce ita da ta haifi mutum bakwai ba wanda ta yi wa wannan hidima. Na ce ai su ba su kai matakin ƙarshe ba.

Asabar, hantsi

An buɗe hanya. Yaya Baballe ya je Oyingbo, ya je barikin da aka ce mutanenmu sun fake, ya je asibitoci biyu. Ya dawo ya zauna a dakali ya cire hula. Teburin shayin Oumarou ya zama gawayi, shi kansa ba a san inda yake ba. Mai okadan da ya kawo saƙo ma ba a gan shi ba.

Na ce bariki ba ɗaya ba ne a Ikko, asibiti ma haka. Yaya ya ce akwai wani wuri a bayan asibitin da ya shiga, an buɗe masa. Na ce ban tambaye shi ba.

Fitila tana nan.

Litinin, 23 ga Oktoba, la'asar

Tireloli biyu sun tashi daga zango yau, cike da mata da katifu da keken ɗinki. Wai gida za su. Yaya ya ce mu ma mu fara ɗaure kaya, yana neman mota zuwa Kano, akwai dangin babanmu a Fagge.

Gida. Sau ɗaya na je Kano a rayuwata, bikin wata 'yar gwaggo. Ina buɗe baki yara suka ce ga Bayarabiya ta zo. A nan kuma in na shiga danfo, motar haya, a ce Gambari ta shigo, haka suke kiran Bahaushe. To kakanmu soja ne, da Turawa suka sallame shi nan ya sayi fili ya kafa gidan nan, itacen mangwaron tsakar gida shi ya shuka. Kabarinsa yana bayan masallaci, na babana yana kusa da shi. Wanda yake ganin ni baƙuwa ce a Agege ya zo ya nuna min mangwaron kakansa.

Na gaya wa Yaya haka. Ya ce, "Zuliha, abeg, mangwaro ba ya tare adda."

Na ce, "Ni dai an ce in jira."

Laraba, hantsi

Matan layi sun zo, su biyar, da carbi da fuskokin da suka shirya tun daga gida. Gwaggo ta shimfiɗa musu tabarma. Babbarsu ta karkata kai ta ce, "Zuliha, ya haƙuri?"

Na ce, "Haƙurin me, Hajiya?"

Suka hau jan carbi. Na ce in rashin wuta suka zo yi min jaje na gode, mu duka abin ya shafa. In kuwa maigidan suke nema, ya je Oyingbo, in ya dawo zan ce sun zo. Na naɗe tabarmar tun ta ƙarshensu ba ta gama sa takalmi ba.

Gwaggo ba ta yi min magana ba har azahar. Na san na yi rashin kunya, kuma gobe ma in suka dawo haka zan yi.

Juma'a, bayan an sauko masallaci

Batiran Nassirou sun ƙare, injin caji kuwa sai da wuta. Na masu kawo caji duk masu su sun zo sun karɓa. Wanda ke jone yanzu shi ne na ƙarshe.

Ina zaune a gindin katangar baya ina kuka, kukan da ban yi a gaban matan nan ba, sai na ji an ce, "Iyawo," wato amarya. Iya Sikira ce, maƙwabciyarmu mai sayar da wake da burodi, ta taka turmi ta leƙo. Tun ranar Litinin ɗin nan ba mu haɗa ido ba, ita tana tsoron mutanenta su gan ta a ƙofarmu, ni ina tsoron namu. Ita ta yi min kitson aurena.

Da Yarabanci muka yi maganar. Na gaya mata komai, sojan da ke tsaye da biyun da ke ajiye. Na ɗauka za ta ce na haukace. Sai ta ce, "Pele, sannu. Batir ne kawai? Baba Sikira yana tuƙa danfo daga nan zuwa Oshodi kullum, motar da kanta take caji."

Da yamma muka ɗaure mataccen batir da igiyar guga, na tura ta ja. Ta sauko min da na danfon mijinta, yana da ɗumi. Gobe da asuba sai an tura motar kafin ta tashi, ta ce ba komai, kwandastan ya yi ƙiba.

Lahadi, azahar

Ja da ja, baƙi da baƙi. Yau ko tartsatsi babu.

Talata, la'asar

Wani ya gan mu a katanga ya kai wa Yaya. Ya shigo ɗakina ko sallama babu, abin da bai taɓa yi ba tun da na yi aure.

"Ke kin san abin da ake faɗa a layi? Ana binne mutanenmu, ke kina musayar kaya da su ta katanga saboda wasan yara."

Na ce, "Su wa? Iya Sikira ce, Yaya. Wakenta ka ci ka girma."

"Wannan abin shi ya riƙe ki, jare. In ya mutu za ki farka."

Ya nufi batir. Ban san lokacin da na ɗauko muciya ba. Na tsaya tsakaninsa da wayar na ce wallahi in ya taɓa, sai dai a yi makoki biyu a gidan nan. Biyu na ce. Na ji kalmar ta fita daga bakina, shi ma ya ji. Muka tsaya muna kallon juna, idonsa ya cika da ruwa, ya juya ya fita.

Tuntuɓen harshe ne. Mutum in ransa ya ɓaci ba ya zaɓen magana.

Laraba, hantsi

Na kunna talabijin na daɗe ina kallonsa. Ɗan soja ne kamar tsinken ashana, ko fuska ba shi da ita. Amma Nassirou ne ya ajiye shi a nan, a wannan tsayuwar, kuma tun da ya ajiye shi ba abin da ya taɓa shi a duniya. Ina kewarsa har haƙarƙarina yana ciwo. Ina kewar yadda yake karkata jikinsa duka in sojan zai yi tsalle, sai ka ce shi ne zai faɗa ramin.

Alhamis, 2 ga Nuwamba, bayan azahar

Yaya ya samu mota, ranar Alhamis mai zuwa za ta tashi. Da ya ga muciya ba ta da kunne, sai ya ɗauko Malam Hamidu, limamin masallacin layinmu, ya zo ya yi min wa'azin biyayya. Suka zauna a zaure, na durƙusa a bakin ƙofa na gaishe shi. Malam ya yi magana mai daɗi a kan babban wa da matsayinsa in uba ba ya nan. Na bari ya gama.

Na ce, "Allah gafarta Malam, ina da tambaya."

"Ina jin ki, Zuliha."

"Matar da mijinta yake raye, wa yake ba ta iznin tafiya, mijin ko yayanta?"

"Mijin."

"In kuma aka ce ya rasu, a ina take yin takaba?"

Malam ya gane inda na dosa. Ya ce, "A ɗakin da ya bar ta. Wata huɗu da kwana goma, ba ta kwana a wani wuri."

Na ce, "To Yaya ya zaɓa. In yana raye, ce min ya yi in jira. In kuma Yaya ya fi ni sani, ɗakin da ya bar ni ga shi can. Ban ga inda tirela ta shigo ba."

Yaya ya ce, "Malam, ka ji ta ko?"

Malam ya shafa gemu ya ce akwai sassauci, in mace tana tsoron ranta an ba ta dama ta tashi. Ya juyo ya tambaye ni ko ina tsoro. Na ɗaga kai na dube shi. Na ce ba na tsoro.

Ya ce wa Yaya, "Baballe, ka kawo ni in ɗaure ta, ga shi ita ta ɗaure mu." Da zai fita ya tsaya ya yi addu'a Allah ya bayyana Nassirou. Shi kaɗai ne ya yi wannan addu'ar a gidan nan ba tare da ya kalli ƙasa ba.

Na ci tuwo malmala biyu yau.

Asabar, la'asar

An kawo wuta. Layi duka ya ɗauki ihu kamar an ci ƙwallo. Na jona injin caji, amma gem ɗin yana kan batir, ban yarda da masu wutar ba. Na share shago, na goge allon da ya rubuta sunansa da wannan dogon rubutun nasu na Faransanci.

Gwaggo ta ɗaure kayanta a zani biyu, ta ce ita ta tsufa da gudu, gara ta tafi tun ana tafiya a mota.

Litinin, 6 ga Nuwamba, hantsi

Oumarou ya zo.

Litinin, bayan la'asar

Da sanda yake tafiya, ƙafar a naɗe har cinya, yau aka sallame shi daga asibiti. Bai yarda ya shigo ba. Ya zube a bakin zaure, ya sa hannu a aljihu ya ajiye tasta a kan tabarma, mai jan kan.

Ya yi magana mai tsawo, rabi ban ji ba. Nassirou ya same shi a bayan tasha, ya goya shi. Saura kaɗan su kai inda motar sojoji take aka tare su. Ya ce har a lokacin yana yi masa tsiya, wai mai shayi ya shanye madarar kwastomomi shi ya sa ya yi nauyi. Oumarou ya ce washegari a barikin da aka kai su aka yi wa waɗanda aka kashe salla, su da yawa, shi ma an ɗauke shi an kai shi sahu. Ya ga fuskar Nassirou kafin a rufe. Ya san wurin, zai kai Yaya.

Yana ta cewa, "Madam, ki yafe min, ni na aika."

Gwaggo ta faɗi a tsakar gida. Na tashi na kawo masa ruwa, don ya yi tafiya mai nisa da ƙafa ɗaya. Na tambaye shi ko ya ci abinci.

Talata, azahar

Matan sun dawo. Na shimfiɗa musu tabarmar da kaina.

Laraba, hantsi

Ni na yi tambayoyin nan biyu da bakina a gaban Malam, ina jin daɗin wayona. Ta farkon nake nufi. Ta biyun na ɗauko ta ne kawai don in toshe wa Yaya baki.

Na canja batir.

Alhamis, 9 ga Nuwamba, la'asar

Motar ta tashi da safe. Kafin nan Yaya ya zo, ya durƙusa a ƙofar ɗakina, shi da ko babanmu da ƙyar yake durƙusa wa.

"Zuliha, don Allah. Malam ya ce akwai sassauci. Ki zo ki yi a Fagge, ba wanda zai ce komai."

Na ce, "Yaya, a gabanka aka faɗa. Ɗakin da ya bar ni."

"Me ya rage miki a nan?"

Na ce ɗakin ya rage, da shagon, da mangwaro. Sun riga sun ɗauki abin da za su ɗauka, ba zan ƙara musu da gidan kakana kyauta ba. Ya yi kuka, na yi. Ya ce zai kai matarsa da yara ya dawo bayan salla, goro ba ya sayar da kansa. Na san zai dawo, Hausarsa ta fi tawa karkacewa, Fagge ba za ta iya da shi ba.

Gwaggo ta bi su har bakin titi da ƙunshinta a ka. Can sai ga ta ta dawo da shi, tana haki tana zagin direba. Ta ce ba a barin mai takaba ita kaɗai a gida, ko arna ba sa haka. Ta zaunar da ni ta tsefe min kai, ta cire min 'yan kunne da awarwaro, ta ba ni tsohon zaninta mara ado. Sai ta miƙo min 'yar wuƙa, ta ce in riƙa riƙewa duk inda zan zaga, in kwana da ita a ƙarƙashin matashi, haka iyayenmu suka yi.

Na ce, "Ta mece ce, Gwaggo?"

"Don kada ya riƙa zuwar miki."

Na mayar mata da wuƙarta. Na soke tastar a bakin zani.

Juma'a, hantsi

Bayan na yi wanka na shiga ɗaki na kunna talabijin. Gwaggo ta leƙo ta ce mai takaba ba ta wasa. Na ce ba wasa zan yi ba, aiki ne aka bari rabi. Ta yi tsaki, sannan ta jawo kujera 'yar tsuguno ta zauna a bayana.

Na ajiye hannun gem ɗinsa a ƙasa, na ɗauki nawa. Na danna maɓallin. Kiɗan ya ɓarke, na manta da ƙararsa, harsashin nan da ya daɗe a rataye ya ƙarasa tafiyarsa ya bugi bango. Na saci soja ɗaya. Nawa ya faɗo daga sama ya dira kusa da nasa.

Na ruga dama, sai allo ya ƙi tafiya. Na manta, in mutum biyu ne ba ya matsawa sai na baya ya taho. Nasa yana tsaye a gefen hagu da bindigarsa mai feshi, ba ya harbi. Halittun suka fara fitowa daga bango, masu ƙafafu da yawa. Na koma na tsaya a gabansa ina harbe duk wanda ya nufo shi.

Gwaggo ta ce, "Ba ni abin in danna masa."

Na ce a'a. Na cire takalmi na ɗora babban yatsan ƙafata a kan kibiyar dama ta hannunsa. Ya fara tafiya. Haka muka shiga, ni a gaba ina share hanya, shi a baya yana bina, abin da bai taɓa yarda ya yi ba. Gwaggo da ta ce ba a wasa, ita ce take cewa ga wani can ta sama, Zuliha, ta sama.

Wani ya faɗo min ta inda ban gani ba. Nasa ya rage shi kaɗai a fili, suna tahowa. Saura ɗaya a ajiye. Na sace shi ma, na dira a gabansa.

Ba mu kai ba. Akwai rami a gaba, wanda ba mu taɓa gani ba, yatsan ƙafa kuwa ba ya iya tsalle. Na ɗaga ƙafata a makare. Ya taka ya faɗa, da bindigarsa. Ni na tsallake, na ɗan yi gaba ni kaɗai har na fara jin bugun zuciyar dodon, sannan suka taru a kaina. Duka abin bai kai dahuwar shayi ba.

Allo ya koma farko. Na zauna ina kallonsa, Gwaggo tana share hanci da bakin mayafi. Na kashe talabijin, na saki baƙi, na saki ja. Fitilar ta mutu.

Juma'a, la'asar

Na mayar wa Iya Sikira batirin mijinta ta ƙofar gaba, Gwaggo ta kai a baro, kowa yana gani. Gobe zan buɗe shago daga ciki, ta taga, Oumarou zai zauna a waje yana karɓar batir tunda ba shi da tebur yanzu. Allon yana nan da sunan.

Sojoji biyu na sace masa, kuma ya ce ya ƙirga. Ina ɗakin da ya bar ni, babu wuƙa a ƙarƙashin matashina. In yana da magana ya zo ya faɗa min.